Ku Bar Muryar Nan

Dungas, 8 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Salim,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da matarka Aziza da aikin Yamai. Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya zauna, an gama shuka, hatsi ya fara rufe ƙasa. Baba Habu yana nan da sauƙi, ƙafar ce dai ke motsa masa in gari ya yi sanyi. Kowa yana godiya da zuwan da ka yi sadakar arba'in ta Inna.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannu alhali ina da lambarka. Da gangan na yi. Tun ranar kasuwar da ta wuce ba na son jin muryar kowa a cikin waya, har da taka.

Ga abin da ya faru. Baba ya fita kasuwa, fitarsa ta farko tun rasuwar. Yana zaune a rumfar Najib mai gyaran babur sai wayar Najib ta yi ƙara. Hannunsa duk baƙin mai ne, sai ya buɗe ta kowa na ji. Sai ga muryar Inna. Ba mai kama da ita ba, Salim, ita ce, har da gyaran muryar nan da take yi kafin ta soma magana. Ta yi sallama, ta ce, "Ƙande ce, ungozomarku ta Dungas. Ranar Alhamis mai zuwa masu maganin masassarar damina za su shigo gida-gida. Ku tsayar da yara, kada a tafi da su gona."

Najib ya ce Baba ya miƙe tsaye ya ce, "Na'am?" Sannan ya zauna a ƙasa, ba a kan bencin ba. A kan babur aka dawo mana da shi, kuma ranar ko fura bai sha ba.

Inna ta rasu tun kafin ruwan farko. A ina ta san Alhamis ɗin nan?

Kafin la'asar kiran ya shiga wayoyin rabin gari. Lubabatu maƙwabciyarmu ta shigo tana kuka, ta ce ita har sallamar ta amsa. Wasu suna cewa Inna ba ta kwanta ba. Allah ya sa muna hutun lakwal, makarantar da nake koyarwa, da ban san da wace fuska zan tsaya gaban yara ba.

Na tuna bara ka zo da wata ƴar na'ura, kuka yi kwanaki a ɗaki kana sa ta maimaita magana, tana dariya tana cewa ɗan ƙanenta zai sa ta a rediyo. Ni da kai taubasai ne, mun saba tsokanar juna, amma wannan ba takardar wasa ba ce. Ka faɗa mini abin da kuka yi da muryar uwata.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Rashida

Yamai, 14 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Rashida,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun direban motar Damagaram. Muna lafiya, Aziza tana gaishe ku. Ki yi wa Baba sannu, ki ce masa ɗansa yana neman gafara, don bai kamata ya ji wannan abu a kasuwa ba. Ni ya kamata in faɗa muku tun ina nan wajen arba'in, na rasa ta inda zan fara.

Kin san shirin da nake yi wa aiki na gwamnati ne, na aika saƙon lafiya ta waya zuwa ƙauyuka. Da farko muryar wani ɗan jarida muka sa, mata suna kashe waya tun bai gama sallama ba. Shi ne na ce a gwada Gwaggo, tunda babu gidan da ba ta yanke cibiya ba a wajenmu. Abin da na ɗauka bara ba saƙonni ba ne kawai. An ba wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira maganganun nata, ta saurara har ta koyi yadda take furta komai. Yanzu duk abin da aka rubuta mata, na'urar tana iya faɗinsa da muryar Gwaggo. Maganar Alhamis da Baba ya ji, wani abokin aikina ne ya rubuta ta a nan biro, wato ofishinmu.

Na tambaye ta kafin in ɗauka, ta kuma yarda. Cewa ta yi in dai zai sa a ba yara magani, in ɗauka. Amma tsakani da Allah ban ce mata za a sa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Ban kuma tambaye ta yadda za a yi bayan ranta ba. Wa yake iya yi wa gwaggonsa wannan tambaya tana zaune tana dariya?

Da ta rasu na faɗa wa direktanmu. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce an riga an tsara saƙonnin damina, in bari a ga yadda za a yi.

To, a bana an kafa komite mai sa ido kan yadda ake amfani da irin waɗannan na'urori a shirinmu. Akwai likita, akwai lauya, akwai malamin addini, ni ma ina ciki. Shugabarmu wata likita ce, Dakta Gumsu. Ƙa'idar farko da muka rubuta ita ce ba a amfani da muryar mutum sai da yardarsa, in ya rasu sai da yardar iyalinsa. Ke nan magana tana hannun Baba.

Amma ki bari in faɗi nawa. Inda aka sa muryarta, iyaye sun tsayar da yara fiye da ko'ina. Kin san yadda masassara ke ɗibar yara a watan Agusta. Ni a ganina wannan sadaka ce mai gudana, tana kwance lada yana bin ta. Komite zai zauna ƙarshen wata. Ki karanta wa Baba wannan, ki aiko mini da amsarsa a rubuce.

Allah ya jiƙan Gwaggo.
Ƙanenki, Salim

Dungas, 21 ga Yuli

Salim,

Muna gaishe ku. A gurguje nake rubutu, direba yana tsaye a ƙofa. Baba ba ya jin daɗi, jininsa ya hau, gobe za mu kai shi likita Magarya.

Na karanta masa takardarka duka, har da maganar sadaka mai gudana. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce in rubuta maka haka: "Ku bar muryar nan. Aikin da ta yi, Allah ya kai lada kabarinta. Ku bar ta kawai."

Ka ji maganarsa. Ku sa mu a addu'a.

Rashida

Yamai, 2 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Rashida,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Baba? Na yi ta kiran wayarki a kashe. Na kira Najib ya ce har yanzu kuna Magarya. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Aziza tana yi masa sannu.

Takardarki ta sauke mini nauyi. Na san Baba mutum ne mai zurfin tunani, amma ban zaci zai amince da wuri haka ba. Na karanta maganarsa a gaban komite yadda kika rubuta, cewa a bar muryar, Allah ya kai lada kabarinta. Malamin da ke cikinmu ya ce amin. Dakta Gumsu ta tambaya ko wani zai je ya ji daga bakin Baba. Na ce babu bukata, ni ɗan gida ne, ga kuma rubutun ƴarsa.

Sai albishir. Tunda iyali sun yarda, direkta ya ce a faɗaɗa aikin zuwa duk ƙasar Magarya, har Sassumbrum. An kuma buɗe layi na kyauta. Mace mai ciki za ta kira ta faɗi abin da ke damunta, na'urar ta amsa mata nan take da muryar Gwaggo. Ki tuna yadda take bin ƙauyuka da ƙafa cikin ruwa, zane a ɗaure a ƙugu. Yanzu ga ta a kowane gida ba tare da ta taka ƙaya ba.

Ki buɗe wayarki don Allah, ko don in ji jikin Baba.

Ƙanenki, Salim

Dungas, 24 ga Agusta

Zuwa ga Salim,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Baba ya samu sauƙi, an sallame mu, mun dawo gida. Takardarka ta yi zamanta a tasha saboda ruwa ya cinye hanya, sai shekaranjiya ta shigo hannuna. Da na ji kiran nan bai tsaya ba, na ɗauka nawar biro ce irin wadda aka saba. Ashe ku can amin kuke cewa.

Salim, in aka ce maka ka bar dukan jaki, cewa aka yi ka ci gaba? Baba cewa ya yi ku rabu da ita. Ku daina. Na yarda na rubuta a gurguje, amma kai ka san Baba, ka kuma san abin da ya kwantar da shi. Abin da kake son ji ka karanta.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura. Ka san Hinda ƴar Malam Imran ta bayan masallaci, wadda aka kai wani ƙauye gaba da Sassumbrum? Inna ce ta karɓi haihuwarta, ita ta karɓi ta ƴarta ta fari. Tana da tsohon ciki. Ƙafafunta suka kumbura, kanta yana sarawa, idonta yana walƙiya. Mijinta Muttaƙa har ya kira ɗan kabu-kabu su tafi likita. Sai ta ce bari ta fara kiran layin nan da aka yi shela. Ta taɓa jin labarin rasuwar Inna, amma da muryar ta amsa mata tambaya, ta kira ta "ƴata", sai ta ce ashe ƙarya aka yi.

Muryar ta ce mata kumburin ƙafa ya saba zuwa wa mai ciki, ta huta, ta ɗora ƙafa a kan matashi, ta rage gishiri. Hinda ta ce wa mijinta ya sallami mai babur, Inna Ƙande ta ce ba komai. Kwana biyu sai jijjiga ta kama ta tana taune harshe. A amalanke aka fito da ita bakin hanya. An yi mata aiki a Magarya, an ciro yaro namiji, bai kai la'asar ba ya koma. Ita tana da rai.

Kai ka san Inna. Da mace ta ce mata idonta yana walƙiya, ko tuwo take tuƙawa za ta ajiye muciya ta ɗora ta a amalanke da kanta.

Jiya Muttaƙa ya zo gidanmu shi da baffanninsa biyu. Suka zauna a zaure. Ban ga alamar faɗa a fuskarsa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Baba, ba rigima ta kawo ni ba. Matarka ce ta ce wa matata ta zauna a gida. Na zo in ji wa zan tambaya."

Baba ya ce, "Matata tana maƙabarta tun kafin ruwan farko. Ni na sa ta da hannuna."

Muttaƙa ya ce, "To wa ya yi magana?"

Baba ya juyo ya dube ni. In na ce na'ura ce, na'ura ba ta da zauren da za a je a zauna. In na ce kai ne, na ba da ɗan'uwana.

A gari yanzu ana cewa mun sayar da muryar Inna. Matan da ta yi wa wankan jego suna wuce ƙofarmu ba sallama. Shekara arba'in tana gina sunan nan, kun rushe shi a damina guda.

Muttaƙa ya ce zai dawo. Ka aiko mini da sunan wanda zan faɗa masa.

Rashida

Yamai, 29 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Rashida,

Wa'alaikumus salam. Na gode wa Allah da sauƙin Baba. Mu nan jiki lafiya, abin da zan iya cewa ke nan.

Na ɗauko takardarki ta Yuli na sake karantawa. Maganar Baba a fili take. Ki ba Muttaƙa sunana.

Amma kin tambayi wa ya yi magana, kuma ya kamata ki san abin da na iske. Na nemo kiran Hinda na saurara. Ta faɗi kumburi, ta faɗi ciwon kai, ta ce idonta yana walƙiya. Na'urar ta kama kumburin, ta saki sauran. Da Hausar littafi aka koya mata alamun haɗari, ba da yadda matanmu suke faɗin ciwo ba. A ƙarshe ta ce in abin ya ci gaba ta je likita, amma lokacin Hinda ta riga ta soma godiya. Kuma babu wani likita ko ungozoma da aka ajiye yana bin amsoshin da take bayarwa. An buɗe layin an bar shi shi kaɗai.

Na kai maganar komite. Kamfanin da ya haɗa na'urar ya ce su sun ba da shawara a gwada ta tukuna. Direkta ya ce shi komite ne ya ba shi izini. Komite ya ce izinin murya ya bayar, ba na layi ba, kuma a kan takardar iyali ya bayar. Haka magana ta yi ta zagaya ɗakin har ta dawo kaina. A nan muka gane cewa mun rubuta ƙa'idoji masu kyau, amma ba mu rubuta wa ke da ikon tsayar da abin in ya yi ɓarna ba. Komite shawara kawai yake bayarwa.

Direkta ya ce zagaye na uku na maganin yara yana tafe, in aka kashe muryar yanzu iyaye za su tafi da yara gona, wasu yaran za su mutu, kuma su ba wanda zai rubuto takarda a kansu. Yaya, ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa abin ya yi mini nauyi. Dakta Gumsu ta bi shi har biro ta zauna, ta ce ba za ta tashi ba sai ya sa hannu an rufe layin tambaya. An rufe shi shekaranjiya. Saƙonnin sanarwa kuwa suna nan sai komite ya ji daga bakin Baba.

Ina da mabuɗin na'urar. Na ce wa Dakta zan iya goge muryar yau ba wanda ya sani. Ta ce, "In ka goge yau da hannunka, gobe wani zai kunna wata da hannunsa, shi ma ba wanda zai tambaye shi. Ba haka muka shiga wannan ba?" Na mayar da mabuɗin.

Za ta zo Dungas da kanta, ita da malamin da lauyan. Ni an cire ni daga komite, kuma an ce ba zan biyo su ba tunda maganar ta shafe ni. Daidai ne. Ki faɗa musu komai, kada ki rufa mini.

Ƙanenki, Salim

Dungas, 12 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Salim,

Gaisuwa da fatan alheri. Baba yana samun ƙarfi, har ya leƙa gona. Hatsi ya yi kai, wake ya fara fure. Ka gaida Aziza.

Baƙinku sun zo. Sun fara zuwa ƙauyen su Hinda, sannan suka iso nan da hantsi. Mun shimfiɗa musu a zaure, amma mata suka cika ƙofar gida har sai da aka fito da tabarmi waje. Muttaƙa ma ya zo.

Dakta Gumsu ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce muryar da aka ji ba Ƙande ba ce, na'ura ce, Ƙande ba ta san da maganar ba, iyalinta kuma sun ce a daina tun watan Yuli ba a ji su ba. Ta faɗa sau biyu don na baya su ji. Sannan ta dubi Muttaƙa ta ce, "Ka tambayi wa ya yi magana. Mu ne. Shirinmu ne ya buɗe layin ba tare da ya ajiye mutum a bayansa ba." Ta ce za a yi bincike a rubuta, a zo a karanta masa a gidansa.

Abin da ban zata ba shi ne Lubabatu. Ta miƙe ta ce don Allah kada a ɗauke muryar gaba ɗaya. Ta ce ita in kiran ya shigo ba ta jin maganar maganin, sauraron Inna kawai take yi. Mata da yawa suka ce haka ne. Wata ta ce in ba Ƙande ta faɗa ba mijinta ba ya yarda a ba yara komai.

Ban iya yi musu faɗa ba, kuma bari in gaya maka dalili. Ranar da na aika maka takardar nan mai zafi, na ari wayar Lubabatu na shiga ɗakin Inna na kira layin. Ta yi gyaran murya, ta yi sallama. Na ce, "Inna, Rashida ce." Ta ce, "Sannu ƴata, wata nawa ne cikin?" Na kashe. Ban faɗa wa kowa ba sai kai.

Da aka zo kan Baba, malamin ya tambaye shi ra'ayinsa, ya ce ya yi magana a hankali don a rubuta yadda ya faɗa. Baba ya ce, "Abin da Ƙande ta faɗa da bakinta tana da rai, nata ne. In kuna da shi ku sa wa mutane, amma ku fara cewa marigayiya ce, a yi mata addu'a. Abin da ba ta faɗa ba kuwa, kada ku sa mata a baki. Ranar gobe ƙiyama za a tambaye ta maganganunta. Nata sun ishe ta, kada ku ƙara mata naku."

Lauyan ya karanta masa abin da ya rubuta, ya tambaye shi ko haka yake nufi. Baba ya ce haka. Ya sake tambaya ta wata fuskar, Baba ya ce haka dai.

Dakta ta ce abin da za su kai Yamai shi ne: a goge na'urar da ke kwaikwayon Inna. Duk na'urar da za ta yi magana da mutane ta fara cewa ita na'ura ce. Ba za a sake buɗe layin masu ciki ba sai an gwada shi da matan nan da irin Hausarsu, kuma sai akwai ungozomar likita mai rai da za a miƙa wa kiran. Sannan a ajiye mutum a Magarya, mai suna da ofis, wanda za a kai wa ƙara, kuma yana da ikon tsayar da abin a ranar. Baba ya tambaye ta ko direkta zai yarda. Ta ce ba ta sani ba, amma in bai yarda ba za ta ajiye aikin ta faɗi dalili.

Ban rufa maka ba, ban kuma ƙara maka ba.

Yayarka, Rashida

Yamai, 26 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Rashida,

Sallama. Ina fata kowa lafiya, Baba yana ƙara samun ƙarfi. Mu nan lafiya.

An kai ruwa rana, amma direkta ya sa hannu. An goge muryar a gaban komite, aka kira wani daga waje ya tabbatar kamfanin ma bai riƙe kwafi ba. Maganganun da Gwaggo ta yi da bakinta an ware su, za a aiko wa Baba nasa kwafin. Maganar ajiye mutum a Magarya an yarda da ita a takarda, kuɗin ne ba a fitar ba tukuna. Dakta tana bi. Ni an mayar da ni wani sashe, bincike bai ƙare ba.

Abin da kika faɗa mini na ɗakin Gwaggo yana wurina, ba zai fita ba.

Ina so in zo gida, amma ban san ko zuwan nawa zai ƙara muku nauyi ba. Yaya jikin Hinda? In akwai abin da ya kamata in yi, ki faɗa mini a fili, yadda ba zan iya karanta shi yadda nake so ba.

Ƙanenki, Salim

Dungas, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Salim,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. An fara girbi, bana Allah ya ba da hatsi. Baba ya ce in gaishe ka, ya ce gida gidanka ne, ba a tambayar izinin shiga.

Zagayen magani na ƙarshe ya zo da sabuwar murya, ta wata ungozoma Balkisu daga Magarya. Ta faɗi sunanta, ta ce ga inda za a same ta. Mata da yawa sun kashe waya. Ba zan ɓoye maka ba, gidaje da dama an tafi da yara gona, kuma a unguwarmu akwai yara biyu kwance a likita da masassara. Ni da Lubabatu da wasu mata muka bi masu maganin gida-gida, har gonaki. Wasu sun buɗe mana, wasu sun ce sun gaji da maganar waya da ta likita duka. Zai ɗauki lokaci.

Hinda ta tashi, tana ɗan aikin gida, sai dai kanta yana juyawa in ta daɗe a tsaye. Na je na gaishe ta. Ta tambaye ni ko gaskiya ne ɗan ƙanen Inna ne ya ɗauki muryar. Na ce gaskiya ne. Ta ce in ce maka ka zo.

Ka ce in faɗa maka a fili, to ga shi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce za ta zage ka ba. Cewa ta yi tana son mutum ya zauna a gabanta, tana ganin fuskarsa, ya faɗa mata abin da ya faru tun daga farko. Muttaƙa zai jira ka a kasuwar Sassumbrum ranar kasuwa ta sama. Ka zo kai kaɗai, kuma kada ka zo da motar biro.

Sun raɗa wa yaron suna kafin a kai shi. Haidar. Ka riƙe sunan, don in ka zauna ba za ta so ka ce "jaririn" ba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Yayarka, Rashida